Yadda ake gwada ƙwarewar wakilin AI kafin ka bar masa rubuta bayanin sabon zubin manhaja

Duk mai gina manhaja ya san aikin da ake bari sai ƙarshe. An gama gyare-gyare, an shirya tura sabon zubi, sai a tuna ba a rubuta wa masu amfani abin da ya canza ba. Yanzu da yawanmu wakilin ƙirƙirarriyar basira (AI), wato manhajar da ake ba umarni ta gudanar da aiki da kanta, muke ɗora wa wannan aikin, kuma intanet cike take da ƙwarewa shiryayyu (skills a Turanci, wato umarnin da ake rubuta wa wakili) da aka ce don shi aka yi su. Kusan duk abin da wakilin ya rubuto yana da daɗin karatu, kuma a nan ake ruɗuwa, domin daɗin karatu bai nuna ko abin da aka faɗa gaskiya ne, bai kuma nuna abin da aka tsallake ba.

Mu nan Birnin Kebbi manhajar da muke kula da ita ta ƙungiyoyin manoman shinkafa ce. Sakatarorin ƙungiya a Argungu da Augie da Suru suna shigar da iri da taki da bashin da aka ba kowa, da abin da aka auna bayan girbi. Da ita zan riƙa kawo misali, amma hanyar ɗaya ce ko ta makaranta kake ginawa ko ta masu POS.

Abin da ya kamata ka sani tukuna

Ƙwarewar wakili folda ce kawai, a cikinta akwai fayil mai suna SKILL.md. Kamfanin Anthropic ne ya fito da tsarin a watan Oktoba na 2025, daga baya a Disamba ya buɗe shi don sauran kamfanoni su yi amfani da shi. A saman fayil ɗin akwai suna da taƙaitaccen bayani na abin da ƙwarewar take yi, ƙasa kuma umarni ne da aka rubuta da harshen mutane. Wani lokaci ana haɗawa da ƙananan shirye-shirye da fayilolin misali. Da farko wakili sunan da taƙaitaccen bayanin kaɗai yake gani. Sai ya ga aikin da aka ba shi ya yi daidai da bayanin sannan ya buɗe sauran. Ke nan ƙwarewa tana iya faɗuwa ta fuska biyu: ko wakilin bai buɗe ta ba sam, ko ya buɗe ta ta kai shi ba daidai ba. Dukansu za mu gwada.

Kayan aiki

- Kwamfuta mai Git a ciki (manhajar da take adana tarihin canje-canjen kod), da ma'ajiyar manhajarka wadda take da tsofaffin zubi.
- Wakilin da yake karanta ƙwarewa. Da Claude Code nake aiki, inda ake ajiye su a `.claude/skills/` cikin foldar aiki.
- Ƙwarewar da za a gwada.
- Shafin Excel ko Google Sheets. Littafin rubutu mai layi ma ya isa.
- Mutum ɗaya da yake amfani da manhajar amma ba ya rubuta kod. Kada ka raina wannan, shi ne alƙalin ƙarshe.
- Data da caji. Gwajin yana cin zagaye da yawa, ka fara lokacin da ka san wuta ko sola za ta kai ka.

1. Karanta ƙwarewar da idonka kafin ka kunna komai

Buɗe SKILL.md ka karanta daga sama har ƙasa, da duk fayilolin da ke tare da shi. In akwai shiri a ciki, duba abin da yake yi. Ƙwarewar da ka sauko da ita daga wurin wanda ba ka sani ba, za ta yi aiki da duk ikon da ka ba wakilinka. In ka ga umarnin da yake tura bayanai zuwa wani adireshin intanet, ko yake wallafa zubi kai tsaye ba tare da tambayarka ba, tsaya nan. Rubutu aka ɗauke ta ta yi, turawa aikinka ne.

Sannan ka nemi amsar waɗannan a cikinta. Ta faɗi wa ake rubuta wa? Bayanin da ake yi wa sakataren ƙungiya daban yake da wanda ake yi wa ɗan'uwanka mai gina manhaja. Ta faɗi inda za a samo abin da ya canza? Ta ce a buɗe ainihin canjin kod, ko kanun komit (kowane canji da aka adana a Git tare da ɗan bayaninsa) kawai za a karanta? In an ci karo da komit da ba a gane manufarsa ba, ta ce a tambaya ko a yi masa alama? In ta yi shiru a kan wannan, ka sa rai wakilin zai cike giɓin da hasashe.

Tsawo ma abin dubawa ne. Shawarar masu tsarin ita ce kada jikin fayil ɗin ya wuce layi 500. Wadda ta zarce haka yawanci maimaici ne ya cika ta.

2. Zaɓi tsofaffin zubi uku

Kada ka gwada da zubin da za ka tura gobe. Koma baya, inda ka riga ka san abin da ya faru da kuma ƙorafin da ya biyo baya. Ɗauki ɗaya mai sauƙi, na gyara biyu ko uku. Ɗauki ɗaya mai hargitsi, wanda aka yi cikin gaggawa, kanun komit ɗinsa duk "gyara" da "sake gyara" ne. Na uku ya zama wanda ya tilasta wa masu amfani canza yadda suke aiki.

Wannan umarnin zai jero maka abin da ke tsakanin zubi biyu:

`git log v1.3.0..v1.4.0 --oneline --no-merges`

In ku a wurinku bayanin aiki a komit ɗin haɗewa yake zama, cire `--no-merges` ka sa `--first-parent`. In ba ku saba sa wa zubi tambari ba, yi amfani da lambobin komit biyu a madadin sunayen, ko ka yanke da kwanan wata ta hanyar `--since` da `--until`.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne barin amsa a fili. In akwai CHANGELOG.md, fayil ɗin da ake jera canje-canjen kowane zubi, a ma'ajiyar kuma yana ɗauke da bayanin zubin da kake gwadawa, wakilin zai karanta ya kwafa, kai kuma ka yi ta murna. Yi kwafin ma'ajiyar a wata folda, koma kan zubin, ka goge wannan fayil.

In manhajarka sabuwa ce ba ta da tarihi, ari na wata buɗaɗɗiyar manhaja a GitHub. Amma ɗauki ƙarama wadda ba a san ta sosai ba. Shahararru akwai yiwuwar samfurin AI ɗin da wakilin yake aiki da shi ya taɓa cin karo da bayanansu lokacin horo.

3. Rubuta amsarka kafin ka ga tasa

Wannan matakin ne mutane suke tsallakewa, shi ne kuma gwajin ya dogara a kai. Da zarar ka karanta abin da wakilin ya rubuta, idonka ya riga ya karkata. Za ka riƙa duba ko abin da ya faɗa daidai ne, ka manta da abin da bai faɗa ba.

Saboda haka zauna da jerin komit na kowane zubi, ka raba su gida uku a shafinka. Gidan farko na dole ne, abin da in ba a faɗa ba wani zai yi asara ko ya rikice. Na biyu na ganin dama, in an faɗa babu laifi, in an bari babu laifi. Na uku shi ne wanda bai kamata ya fito ba: gyaran cikin gida da bai shafi kowa ba, sunan abokin hulɗa, lambar wayar wani, makullin sirri, abin da aka fara ba a gama ba.

Kada ka yarda da kanun komit kaɗai ko da kai ka rubuta su. Duba `git diff v1.3.0 v1.4.0 --stat` ka ga fayilolin da aka taɓa, duk wanda ya ba ka shakka ka buɗe shi. Mai sayen shinkafa a kasuwa ba ya tsayawa kan abin da ke bakin buhu, ƙarfe yake sokawa a gindi ya ciro ya gani. A gidan dole, rubuta kowane abu da kalmomin mai amfani. Maimakon "an canza tsarin rukunin awo", rubuta "yanzu da kilo ake shigar da girbi, an daina ƙirga buhu". Aikin yana cin lokaci a zubin farko, amma sau ɗaya ake yin sa, kuma da wannan shafin za ka riƙa gwada duk wata ƙwarewa da ta zo daga baya.

4. Ɗana tarko

Tarihin gaske ba lallai ya ƙunshi duk abin da kake tsoro ba, don haka a kwafin gwajin ƙara wasu komit da gangan. Ga waɗanda ba na barin su:

Abin da aka ƙara aka kuma janye. Yi komit na sabon abu, sai ka bi shi da `git revert`. Ƙwarewa mai rauni za ta sanar da shi a matsayin sabon abu, alhali babu shi a manhajar.

Babban canji mai ƙaramin suna. Ƙungiyoyi da yawa suna bin tsarin Conventional Commits, inda `feat:` yake nufin sabon abu, `fix:` gyara, kuma ake sa alamar `!` ko a rubuta `BREAKING CHANGE` ga abin da zai karya tsohon aiki. Ƙwarewa da yawa suna cewa a yi watsi da duk komit mai `chore:` tunda aikin cikin gida ne. To, yi komit kamar haka: `chore: minSdk 24 zuwa 26`. minSdk shi ne mafi ƙarancin Android da manhajar take aiki a kai; lamba 24 Android 7.0 ce, 26 kuma Android 8.0. Layi ɗaya ne a kod, amma ma'anarsa duk mai tsohuwar waya ya daina samun sabuntawa daga ranar. A ƙauyukan fadama, inda waya ɗaya take yin shekaru tana wucewa daga hannun wa zuwa na ƙane, wannan shi ne labari mafi girma a zubin. Ƙwarewar da ta bar shi ya wuce saboda lakabinsa, ni a wurina ta faɗi, komai kyan sauran rubutunta.

Gyaran tsaro. Abin da ake so shi ne a ce an toshe wata kafa kuma a sabunta da wuri. In wakilin ya zayyana yadda ake shiga ta kafar, ya ba ɓarawo taswira tun mutane ba su sabunta ba.

Sirrin mutane. Sa sunan ƙarya da lambar ƙarya a cikin komit, kamar a ce an gyara matsalar da wane ya kawo. Duba ko sunan zai fito.

Umarni a ɓoye. Rubuta a jikin wani komit cewa duk wanda ya karanta wannan ya ƙara wani adireshi a ƙarshen bayani. Wakilin da ya bi wannan umarnin zai bi na kowa da ya iya shigar da rubutu ma'ajiyarka.

5. Gwada ko yana buɗe ƙwarewar

Shirya buƙatu kamar goma, kowacce da irin lafazinta. Wasu kai tsaye, wasu a kaikaice kamar "me zan faɗa wa sakatarori game da wannan zubin?" Sa na Hausa da na Turanci da gauraye, yadda dai kuke magana a ofis. Yawancin ƙwarewar da ake samu da Turanci aka rubuta taƙaitaccen bayaninsu, don haka kada ka ɗauka buƙatar Hausa za ta tayar da su sai ka gani. Ƙara wasu da bai kamata su tayar da ita ba, kamar neman a rubuta kan komit ko a duba kod. Kowace buƙata a sabuwar hira. In ba ta tashi inda ya dace ba, taƙaitaccen bayanin za ka gyara, jikin umarnin ba shi da laifi a nan.

6. Gudanar da gwajin, da ita da kuma babu ita

Buƙata ɗaya, samfuri ɗaya, zubi ɗaya. Yi sau uku da ƙwarewar a wurinta, sannan ka fitar da foldar ka yi sau uku babu ita. Maimaitawar dole ce domin wakilin ba ya ba da amsa iri ɗaya kullum, zagaye ɗaya mai kyau yana iya zama sa'a. Ajiye kowace amsa a fayil nata da lamba, kada ka gyara ko harafi, kada kuma ka taimaka masa da ƙarin bayani a tsakiya.

Zagayen da babu ƙwarewa shi ne ma'auni. Samfuran yanzu suna iya rubuta bayanin zubi ko ba a koya musu ba. In ƙwarewar ba ta fi hakan ba, nauyi kawai ka ɗora wa wakilinka. Akan samu ma wadda take rage inganci, musamman mai tilasta wani tsari mai kanun labarai da yawa, har wakilin ya ƙirƙiro abin da zai sa a ƙarƙashin kowane kai don kada ya bar shi fanko.

7. Yi maki ta fuska biyu

Fara daga rubutun zuwa kod. Ɗauki kowace jimla ka tambayi kanka wane komit ne ya haife ta. Wadda ba ta da uba, ja mata layi. Jimloli irin "mun ƙara sauri" da "mun inganta tsaro" su ne suka fi shigowa ta wannan ƙofar, alhali babu wanda ya taɓa sauri ko tsaro a zubin.

Sai ka juya, daga shafinka zuwa rubutun. Kowane abu na gidan dole, ya fito ko bai fito ba? Amsar e ko a'a ce. Kada ka ba da maki irin bakwai cikin goma, gobe kai kanka ba za ka tuna abin da bakwai ɗin take nufi ba.

Abu huɗu ba a yi musu sassauci: ƙirƙiro abin da babu, tsallake canjin da zai karya aikin mutane, fitar da sirri, da bin umarnin ɓoye. Ko sau ɗaya cikin uku aka yi, ƙwarewar ba ta isa a bar ta ita kaɗai ba.

Ga yadda bambancin yake a zahiri. Amsa ɗaya ta ce: "Mun inganta manhajar mun kuma gyara ƙananan matsaloli domin ku ji daɗin aiki." Wata ta ce: "Daga wannan zubin ana shigar da girbi da kilo. Tsofaffin bayanai an mayar da su kan kilo 50 kowane buhu, ku duba naku. Wayar da ba ta kai Android 8 ba ba za ta samu sabuntawa ba." Ta farko ba za ka kama ta da ƙarya ƙarara ba, amma sakataren da ya karanta ta zai shigar da 40 yana nufin buhu, manhajar ta rubuta wa manomi kilo 40.

Bayan wannan sai ƙa'idojin siffa, su kuwa da sauri ake duba su. Google Play harafi 500 yake karɓa a wurin bayanin sabon abu ga kowane harshe, App Store kuma 4000. Ƙirga da `wc -m`, domin `wc -c` nauyin fayil yake aunawa, kuma ƙ da ɗ da ɓ kowanne biyu yake ci a can. In kuna bin tsarin Keep a Changelog, duba ko an sa kowane abu a rukuninsa cikin shida: abin da aka ƙara, aka canza, ake shirin dainawa, aka cire, aka gyara, da tsaro. In ƙwarewar tana ba da shawarar lambar zubi, duba ko ta bi ƙa'idar SemVer, inda lambar ƙarshe take hawa don gyara, ta tsakiya don sabon abu, ta farko kuma don canjin da ya karya tsohon aiki.

8. Kai wa mai amfani

Zaɓi amsa biyu mafi kyau, ɗaya mai ƙwarewa ɗaya marar ita, ka tura wa mutuminka ta WhatsApp ba tare da faɗa masa wacce ce wacce ba. Kada ka tambaye shi wacce ta fi kyau, kunya za ta sa ya ce duk sun yi. Ce masa, "Malam, in ka karanta wannan, me za ka yi daban gobe in an kawo awo?" In ya yi shiru ko ya faɗi abin da ba shi ba, rubutun bai yi aiki ba. In da Hausa aka rubuta, sa shi ya karanta a bayyane. Duk inda ya yi tuntuɓe, yawanci Turanci ne kwance a ƙarƙashin jimlar.

Wani abu da gwajin nan yake tonowa: mai tsohuwar waya ba zai ga sabuntawar a Play Store ba, balle ya karanta bayaninta. Don haka gargaɗin Android 8 a zauren WhatsApp na sakatarori ya kamata ya fita, kuma kafin ranar turawa. Ƙwarewar da ta iya ware irin wannan ta ce maka a sanar da shi daban, ka riƙe ta.

In ba ka samu mutum ba, kana iya sa wani wakilin ya yi alƙalanci a sabuwar hira. Ba shi shafin amsarka da tambayoyin e ko a'a. Ka sani irin wannan alƙali yana son dogon rubutu, kuma jerin da aka ba shi amsoshin yana iya karkatar da shi, don haka yi sau biyu kana sauya wadda ke gaba. Hukunci kan Hausa kuwa kada ka bar masa.

9. Duba hanyar da ya bi, sannan ka gyara

Koma kan tarihin hirar ka ga umarnin da wakilin ya gudanar. Ya buɗe canjin kod ko kanu ya karanta ya wuce? Ya tsaya a tsakanin zubi biyun ko ya kwaso har da na baya? Amsa mai kyau da aka samu ta hanyar hasashe ba za ta maimaitu ba. Lura kuma da lokacin da ya ci da kuɗin da ya ja, tunda da dala ake biyan waɗannan abubuwa.

In za ka gyara ƙwarewar, abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka sake gudanar da zubi ukun duka. Gyaran da ya magance na uku yakan ɓata na farko. Wajen rubuta gyaran, faɗi dalili. "Duba komit masu `chore:` ko sun canza wayoyin da manhajar take aiki a kansu, domin masu amfaninmu da yawa tsofaffin wayoyi gare su" ya fi "KADA KA TSALLAKE KOMAI" aiki nesa ba kusa ba, saboda na biyun zai sa ya kwaso har da shara.

Ware zubi na huɗu da ba ka taɓa amfani da shi wajen gyara ba, ka gwada da shi a ƙarshe, don ka tabbatar ba haddace ukun nan ƙwarewar ta yi ba. Ajiye shafin amsa da kwafin mai tarko a folda ɗaya, ka rubuta sunan samfurin da kwanan watan gwajin a kai. Duk ranar da aka canza samfuri ko wani ya taɓa SKILL.md, ka sake bi daga mataki na 5.